Yadda za ka gane lasisin Windows ɗinka, ka dawo da shi bayan gyara, ka koma Windows 11 da abinka

Bara ƙanwata ta kawo mini laftof ɗinta rai a ɓace. A ƙasan allon, ta ɓangaren dama, wani rubutu ya fito ya ƙi tafiya: Activate Windows. Wata shida kafin nan kwamfutar ta yi nauyi, ta kai ta wurin wani mai gyara, ya yi mata fomat, ya sa mata Windows 10 Pro daga filashinsa, ya ce ya yi mata aktibeshan, ta biya ta tafi. Da na bincika sai na tarar kwamfutar tana da halastaccen lasisin Windows 10 Home a jikinta tun daga masana'anta. Mai gyaran ya tsallake shi, ya ɗora mata bugun da ba nata ba, sannan ya rufe da kirak, wato manhajar da ke yi wa Windows lasisin bogi, mai ƙarewa bayan kwana 180. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san dubban kwamfutoci na hannu da ake saya a kasuwanninmu haka ake yi musu. Mutum yana da abinsa na halak, a jefar, a ba shi na sata mai guntun kwana.

Saboda haka kafin ka bari a taɓa kwamfutarka, ko ka sayi makulli, ko ka matsa zuwa Windows 11, fara da sanin abin da kake da shi.

Mataki na farko: wane irin lasisi ne a kwamfutarka?

Makullin Windows haruffa ne da lambobi guda 25, an kasa su gida biyar, kowane gida biyar. Amma tun da Windows 10 ta fito a ranar 29 ga Yulin 2015, yawancin mutane ba sa buƙatar riƙe makullin a hannu. Microsoft takan ɗauki siffar kayan cikin kwamfutarka, musamman madabod, wato babban allon da komai yake hawa kansa, ta ajiye a wurinta. Wannan shi ne lasisin dijital. Duk ranar da ka sake sa Windows iri ɗaya a kwamfutar nan, da zarar ta hau intanet za a gane ta, lasisin ya dawo da kansa.

Lasisin kuwa iri uku ne, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Akwai na OEM, wanda kamfanin da ya ƙera kwamfutar, kamar HP ko Dell ko Lenovo, ya sa mata. Wannan ya zauna ke nan, ba ya ƙaura zuwa wata kwamfutar. Akwai na Retail, wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa. Shi ana iya ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta a kai sabuwa, muddin a kan guda ɗaya yake aiki a lokaci guda. Na uku shi ne na Volume, wanda ake sayar wa kamfanoni da jami'o'i da ma'aikatu a dunƙule. Shi ma kashi biyu ne, MAK da KMS. Na KMS yana aiki ne na kwana 180, kuma dole kwamfutar ta riƙa tuntuɓar sabar ma'aikatar tana sabunta shi. Yawancin kirak ɗin da ke yawo kwaikwayon wannan sabar suke yi, shi ya sa bayan kamar wata shida rubutun nan yake dawowa.

Ga yadda za ka duba. A Windows 10, buɗe Settings, ka shiga Update & Security, sannan Activation. A Windows 11 kuwa Settings ne, sai System, sai Activation. Abu biyu za ka karanta: bugun da ke kai, Home ne ko Pro, da kuma jimlar da ke gaban Activation. Idan ta ce an tabbatar da Windows da digital license, madalla. Idan ta ƙara da cewa linked to your Microsoft account, ka fi kowa kwanciyar hankali. Idan kuwa ka ga ana maganar your organization's activation service alhali kai ba ma'aikacin kowa ba ne, to ko dai kirak ne, ko kwamfutar ta fito daga wani ofis da lasisin ofishin a kanta.

Don ƙarin tabbaci, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan ka danna Enter:

slmgr /dli

Ƙaramar taga za ta fito. A layin Description za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: OEM_DM channel, RETAIL channel, VOLUME_MAK ko VOLUME_KMSCLIENT. Sannan ka sake rubuta:

slmgr /xpr

Wannan zai gaya maka ko lasisin na dindindin ne, ko yana da ranar ƙarewa. Idan ka ga rana, ka san inda ka tsaya. Wani abu da ke rikita mutane: kwamfutar da ta samu Windows 10 ta hanyar ɗaukakawa kyauta daga Windows 7 ko 8 takan nuna RETAIL channel ko da asalin lasisinta na OEM ne. Don haka kar ka ga kalmar Retail ka ɗauka lallai za ka iya ƙaura da shi.

Mataki na biyu: tono makullin da ke ɓoye a jikin kwamfutar

A zamanin Windows 7, makullin yana kan wata takarda mai sheƙi da ake mannawa a ƙarƙashin laftof ko cikin gidan batir. Tun daga Windows 8 aka daina haka, aka koma rubuta shi a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin madabod tana tada kwamfutar. Ko an canza faifan ajiya sau goma yana nan. Danna Start da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Windows PowerShell ko Terminal mai ɗauke da Admin, ka rubuta wannan layin daidai yadda yake:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Select OA3xOriginalProductKey

Idan haruffa 25 suka bayyana, wannan shi ne makullinka na asali. Rubuta shi a takarda da biro, ka kuma ɗauki hotonsa. Idan kana so ka san na wane bugu ne, sake rubuta layin amma ka musanya kalmar ƙarshe da OA3xOriginalProductKeyDescription. Za ka ga Core idan Home ne, ko Professional idan Pro ne. Idan babu abin da ya fito, kwamfutar ba ta da makulli a BIOS. Hakan yakan faru da waɗanda aka harhaɗa da hannu, da tsofaffin zamanin Windows 7, da waɗanda aka sayar ba tare da Windows ba.

Akwai ƙananan manhajoji da ake saukewa don tono makulli, kuma ba na ba da shawararsu. Sau da yawa abin da suke nunawa makullin gama-gari ne wanda Microsoft ke sa wa duk kwamfutar da ke da lasisin dijital. Na Pro yana ƙarewa da 3V66T, na Home da 8HVX7. Waɗannan ba su tabbatar da komai su kaɗai. Na sha ganin mutum ya adana ɗaya daga cikinsu shekara da shekaru yana zaton dukiyarsa ce. Idan kuma ƙarshen makullin T83GX ne, wannan na KMS ne na bugun Pro.

Idan ka sayi Windows ta manhajar Microsoft Store da ke cikin Windows, ba a ba ka makulli ba, lasisin yana cikin asusun da ka yi sayayyar da shi. Idan daga wani dillali ka saya ta intanet, nemi saƙon imel ɗin da ya turo maka.

Mataki na uku: ɗaure lasisin da asusunka, yau ba gobe ba

Wannan minti biyar ne, amma shi ne abin da zai iya cetonka ranar da madabod ya ƙone. Shiga Settings, Accounts, Your info. Idan da asusun cikin gida kake shiga, za ka ga Sign in with a Microsoft account instead. Danna, ka shiga da imel ɗinka na Outlook ko Hotmail, ko ka buɗe sabon asusu da kowane imel da kake da shi, har da Gmail. Dole asusun ya zama na Administrator a kwamfutar. Koma shafin Activation ka tabbatar jimlar ta canza ta ambaci asusunka.

A nan ina roƙonka abu ɗaya: asusun ya zama naka, da lambar wayarka, da kalmar sirrin da kai ka sani. Kar ka bari yaron shago ya shiga da nasa don a yi sauri. Ranar da kake buƙatar lasisin, ko makullin buɗe faifanka, yana hannun wanda wataƙila ya bar garin.

Tunda mun zo kan makullin faifai, bari in tsaya a kai, domin asararsa ta fi ta lasisi zafi nesa ba kusa ba. Kwamfutoci da yawa suna kulle faifan ajiyarsu da BitLocker ba tare da mai su ya lura ba, kuma sabon zubin Windows 11 daga siga 24H2 yakan kunna wannan da kansa idan ka shiga da asusun Microsoft. Idan aka canza madabod, ko aka taɓa wasu saituna a BIOS, sai kwamfutar ta tashi da shuɗin allo tana neman lambobi 48. In ba ka da su, fayilolinka sun tafi, ba injiniyan da zai iya fito da su. Buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey a wayarka, ka duba ko lambobin suna nan, ka kwafe su a takardar da ka rubuta makullin Windows.

Idan fomat kawai za a yi

Canza faifan ajiya zuwa SSD, ƙara RAM, canza allo ko batir ko kibod, duk ba su taɓa lasisi. Haka ma goge komai a sake zubawa, da sharaɗi ɗaya: bugun da aka cire shi za a mayar. Home a koma Home, Pro a koma Pro. Nan ne ake yawan yin ɓarna, domin filashin masu gyara kusan kullum Pro ne, kuma mutane sun ɗauka Pro ta fi sauri. Ba ta fi ba. Abin da ta ƙara shi ne kayan ofis, kamar shiga tsarin ma'aikata, da cikakken BitLocker, da karɓar Remote Desktop. Ɗalibi ko mai shago ba ya jin bambancin.

Samu filashi mai girman gigabayit 8 ko fiye, wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, don za a goge shi tas. Shiga shafin Microsoft na saukar da Windows, ka sauke Media Creation Tool, ka bar ta ta shirya filashin. Za ta ci data kamar gigabayit 5 zuwa 6, don haka ka nemi wayifai ko ka jira garaɓasar dare. Kunna kwamfutar daga filashin: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Idan akwai makulli a BIOS, galibi ba za a ma tambaye ka ba, tsarin zai karanta shi ya zaɓi bugun da ya dace. Idan an tambaye ka, danna I don't have a product key, ka zaɓi bugunka daga jerin. Da ka gama ka hau intanet, ba da jimawa ba shafin Activation zai nuna an tabbatar.

Kula da Home Single Language, domin bugu ne mai zaman kansa, lasisinsa ba ya buɗe Home ta gama-gari, kuma ba ya barin a canza harshen Windows daga Settings. Wanda ya samu kwamfutar da ta zo da Faransanci, kamar yadda ake yawan samu a Maraɗi ko Damagaram, in irin wannan bugun ne kuma yana son Turanci, sai dai ya sake zubawa da filashin Turanci na wannan bugun.

Wanda aka riga aka sa wa Pro ta kirak alhali makullinsa na Home ne, kamar ƙanwata, babu gajeriyar hanya. Ba a saukowa daga Pro zuwa Home ta Settings. A kwashe fayiloli, a goge, a zuba Home. Idan kuwa makullin BIOS ɗin na Pro ne, kamar yadda yake a yawancin EliteBook da Latitude da ThinkPad, kana iya shiga Activation ka danna Change product key ka sa naka, ya karɓa nan take. Duk da haka ni na fi son a goge. Manhajar kirak sau da yawa ba ta shiga sai an kashe Windows Defender, mai tsaron kwamfutar, kuma ba ka san me ya biyo ta ba. Kwamfutar da kake shiga banki da ita ba wurin gwaji ba ce.

Ka tuna kuma Office daban take da Windows. Fomat zai tafi da Word da Excel, kuma makullin Windows ba ya dawo da su.

Idan madabod aka canza

A wurin Microsoft, sabon madabod sabuwar kwamfuta ce. Za ka ga kuskure mai lamba 0xC004F211 ko 0xC004F213 a shafin Activation. Kafin ka damu, sake gwada layin PowerShell ɗin can na sama. Madabod ɗin da masu gyara ke sawa yawanci daga wata matacciyar laftof aka ciro shi, kuma yakan zo da nasa makullin a BIOS. Idan ya fito kuma bugunsa ya yi daidai da wanda ke kan faifanka, sa shi ta Change product key, an gama.

Idan bai fito ba, sai asusun da ka ɗaure ya yi aikinsa. Shiga da shi, ka hau intanet, ka je Activation, ka danna Troubleshoot. Bayan ya yi bincikensa zai ce bai iya ba. Ƙasa da wannan za ka ga I changed hardware on this device recently. Danna shi. Jerin kwamfutocin da ke asusunka zai fito, ka zaɓi wadda ake magana a kai, ka yi alama a This is the device I'm using right now, ka danna Activate. Lasisin Retail yana wucewa ta nan lafiya. Na OEM kuwa, a ƙa'ida ya mutu tare da tsohon madabod, sai dai in kamfanin ne ya canza shi a ƙarƙashin garanti. Idan ya ƙi, buɗe manhajar Get Help da ke cikin Windows ka yi magana da ma'aikatan Microsoft, da rasit ɗinka a kusa.

Mai ƙaura da Retail zuwa sabuwar kwamfuta ya fara cire shi daga tsohuwar. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, ka rubuta slmgr /upk sannan slmgr /cpky. A sabuwar kuma slmgr /ipk da makullin a gabansa, sai slmgr /ato. Ka tabbatar makullin yana rubuce a hannunka kafin ka cire shi.

Sauran lambobin kuskure da ake yawan gani ba su da wuyar fassara. 0xC004C008 na nufin an riga an yi amfani da makullin a wata kwamfuta. 0xC004C003 na nufin sabar ta ƙi shi, sau da yawa don an toshe shi. 0xC004F074 na nufin kwamfutar tana neman sabar KMS ba ta samu ba. 0x803F7001 na nufin ba a ga lasisi ba sam, kuma kuskuren bugu yakan jawo shi. Akwai kuma 0x80072F8F, wanda ba ruwansa da makulli: agogon kwamfutar ne ya ɓace. A tsofaffin kwamfutoci ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci yakan mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya, sabar ta ƙi sauraronta. Gyara lokaci, canza batirin, ka sake gwadawa. Na ga wanda ya kusa sayen sabon makulli saboda wannan ɗan batiri mai kama da kwabo.

Komawa Windows 11

Microsoft ta daina tura wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take zama, sai dai a kwamfutar da ke cikin shirin ESU da zan yi bayani a ƙarshe. Labari mai daɗi shi ne lasisin Windows 10 yana buɗe Windows 11 kyauta, bugu da bugu. Makullan Windows 7 da 8 ne dai suka daina aiki wajen sabon zubi tun Satumban 2023, amma kwamfutar da ta riga ta samu lasisin dijital da su kafin nan tana nan da abinta.

Matsalar ba ta lasisi ba ce, ta ƙarfen ce. Windows 11, wadda ta fito 5 ga Oktoban 2021, tana neman RAM gigabayit 4, faifai gigabayit 64, firosesa mai bit 64, tsarin UEFI, wato sabon salon BIOS, mai iya Secure Boot da ke tsare tashin kwamfuta, da TPM 2.0, ɓangaren tsaro da ke cikin ƙarfen. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutocinmu shi ne na firosesa: a Intel daga tsara ta 8 zuwa sama, a AMD daga Ryzen 2000. Kana gane tsarar daga lambar da ke bin i5 ko i7. i5-6300U tsara ta 6 ce, i5-7200U ta 7, i5-8250U ta 8, i5-10210U ta 10. Wato EliteBook 840 G3 da G4 da ThinkPad T470, waɗanda suka cika kantunan Farm Centre da Beirut Road a Kano, ba su cikin lissafi. Kar kuma ka dogara da sunan samfuri, domin akwai 840 G5 da T480 da suka zo da tsara ta 7. Lambar firosesa za ka karanta, a Settings, System, About.

Sauke PC Health Check daga Microsoft ka danna Check now, za ta faɗa maka abin da ya rage. Idan TPM ne, kar ka yanke ƙauna, sau da yawa yana nan a kashe. Danna Windows da R ka rubuta tpm.msc; in ka ga Specification Version 2.0, lafiya lau. In bai gani ba, shiga BIOS, da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka nemi TPM, ko PTT a Intel, ko fTPM a AMD, ka kunna. Idan Secure Boot ne, rubuta msinfo32 ka duba BIOS Mode. In ya ce Legacy, faifanka yana tsohon tsarin MBR, kuma idan ka juya BIOS zuwa UEFI haka kawai kwamfutar ba za ta tashi ba. Sai ka fara juya faifan da mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ya wuce sai mbr2gpt /convert /allowFullOS, sannan ka canza BIOS. Wannan aikin kar ka fara shi sai fayilolinka suna wani wuri daban. Mai Windows 10 ta bit 32 kuwa ba shi da hanyar hawa kai tsaye, sai sabon zubi.

Kafin ka danna komai: kwashe hotuna da takardu zuwa wani faifai, tabbatar shafin Activation yana nuna an tabbatar, lambobin BitLocker suna hannunka, sannan ka yi tunanin wuta. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, fiye da haka in faifan ba SSD ba ne. Laftof mai mataccen batir da ke rayuwa a kan caja ba a yi mata wannan da wutar NEPA. Ka nemi inbata ko sola ko ka tada janareto, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya barin ka da kwamfutar da ba ta tashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce Windows Update. In kwamfutar ta cancanta za ka ga tayin Windows 11, ka danna Download and install. In bai fito ba, duba ko ka sa intanet ɗinka a matsayin metered connection, ko ka sauke Windows 11 Installation Assistant, wadda ke buƙatar Windows 10 ta kai siga 2004 ko sama da kuma fili gigabayit 9. Duka biyun suna barin fayiloli da manhajojinka a inda suke. Hanya ta uku ita ce fayil ɗin ISO, wato Windows ɗin gaba ɗaya a dunƙule cikin fayil guda, kuma ita na fi so ga mai kwamfuta fiye da ɗaya, don sau ɗaya za ka kashe data. Danna shi sau biyu, buɗe setup, ka zaɓi Keep personal files and apps. Ba za a nemi makulli ba. Idan sabon zubi ka zaɓa daga filashi, ka shirya intanet da asusun Microsoft, don za a nema a farkon saiti.

Da ta tashi, je Activation ka duba. Sannan gwada firinta, sauti, kyamara, wayifai, da duk manhajar da cin abincinka ya dogara a kanta. Kana da kwana 10 na komawa baya ta Settings, System, Recovery, Go back. A cikin kwanakin nan kar ka goge jakar Windows.old komai ƙarancin fili, ita ce hanyar komawar.

Mai son tashi daga Home zuwa Pro ba ya buƙatar fomat. A shafin Activation zai sa makullin Pro, ko ya saya ta Microsoft Store a kan dala 99. Cikakken lasisin Home kusan dala 140 ne a wurin Microsoft, Pro kusan dala 200. Na san wannan kuɗi ne mai nauyi a aljihunmu, kuma na san ana tallar makullai a 'yan dubban naira. Da yawa daga cikinsu na MAK ne da aka fitar daga wata ma'aikata ana sayar wa mutane barkatai. Yana iya aiki yau, a toshe shi gobe, ko ya ƙi karɓa bayan fomat na farko. Wanda ba shi da hali, gara ya zauna da Windows ɗin da ba a tabbatar ba zuwa wani lokaci. Tana aiki, tana karɓar gyaran tsaro, abin da ta hana shi ne canza hoton allo da launuka, sai rubutun nan na kusurwa. Wannan ya fi kirak aminci.

Kwamfutar da ba ta cancanta ba

Akwai hanyoyin tsallake sharuɗɗan, kuma Rufus, wata manhajar shirya filashin Windows, na yin hakan da alama ɗaya. Lasisinka zai yi aiki a kai. Sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin tura wa irin wannan kwamfutar sabuntawa ba, kuma babban sauyin shekara-shekara yawanci ba ya zuwa da kansa, sai ka sa da hannu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne 'yan kasuwar da ke yin wannan su sayar wa mutum tsara ta 6 a matsayin mai Windows 11. Idan za ka saya, kar tambarin da ke allo ya ruɗe ka. Tsaya a gaban mai shagon ka duba lambar firosesa, ka rubuta slmgr /dli da slmgr /xpr, ka gwada layin makullin BIOS. Ka kuma leƙa Settings, Accounts, Access work or school: in sunan wani kamfani na ƙasar waje yana nan, kwamfutar na iya kasancewa a rajistarsu har yanzu, kuma bayan fomat ta tsaya tana neman imel ɗin ma'aikacinsu. Irin wannan ka bar masa kayarsa.

Wanda tsohuwar ke hannunsa kuma ba ya son tsallake sharaɗi yana da shirin ESU, wanda ke ci gaba da tura gyaran tsaro ga Windows 10 har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Sai kwamfutar tana kan siga 22H2 da lasisi tabbatacce. Rubuta winver ka gani. A Windows Update za ka ga Enroll now. Ana shiga kyauta idan ka yarda a adana saitunanka a asusun Microsoft, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko da dala 30. Bayan wannan ranar, kwamfutar da aikinta bai wuce burauza da rubutu da kallon darasi ba za ta iya komawa Linux Mint, wadda kyauta ce, ba ta neman makulli, kuma tana tafiya sumul a kan tsara ta 6 da ta 7. Makullin Windows ɗin da ke BIOS ba ya gogewa don ka sa Linux, duk ranar da ka so komawa yana nan.